Kwamfiresar Aro a Tudun Karmami

Kada ka ce ba ka gani ba. Ka gani. Duk wanda ya ci kasuwar Tudun Karmami a bazarar 1982 sai ya bi ta bayan ɗakin shan magani, don nan ce hanyar tasha, kuma a jikin bangon akwai wata kafa mai faɗi da aka toshe da kwalin sabulu. Ka dube ta, ka san jiya ba haka take ba, ka gyara zaman buhun takinka a kafaɗa ka ƙara sauri. Ka ce a ranka abin gwamnati ne, ba ruwanka. To zauna. Yau sai ka ji abin da aka ciro daga kafar nan, da wanda ya ciro shi.

Tudun Karmami gari ne tsakanin Bakori da Kafur, garin dawa da masara da auduga. Da siyasa ta zo aka shiga yanka ƙananan hukumomi kamar rabon naman Sallah, shi ma ya samu tasa tsokar, aka mayar da tsohon sito na auduga sakatariya, aka shafa masa fenti, aka ɗora Alhaji Maitama a kujerar Ciyaman. A duk faɗin garin iyakwandishan biyu ne. Ɗaya yana ofishin Ciyaman. Ɗayan yana ƙuryar ɗakin shan magani, inda Sista Rahab ke ajiye allurai.

Wanda bai san ƙasar nan ba zai ce me kwalabe za su yi da sanyi. Ƙasar kububuwa ce. Maciji ne ɗan guntu mai launin ƙasa, yana kwance cikin karan bara, in ya sari mutum jininsa ya daina daskarewa, ya riƙa zuba ta dasashi da ta hanci har rai ya fita. Allurar dafinsa tana nan a 'yan kwalabe garau kamar ruwan rijiya, amma ba ta son zafi. In zafi ya dafa ta sai ta gurɓace, ta koma kamar ruwan wankin shinkafa, daga nan kuma ba magani ba ce. Da, akwai firij na ajiye ta. Bara wani kansila ya yi suna, ya aiko aka ɗauke shi aro don sanyaya lemon baƙi. Yaron da aka yi wa sunan har ya fara tafiya. Tun daga nan sanyin ƙuryar nan kaɗai ke tsakanin manoman Tudun Karmami da kabari.

Mai kula da na'urorin biyu shi ne Enoch, ɗan wajen Kafur, wanda ya yi makarantar koyon sana'a a Kaduna ya fito da takarda mai hatimi. Ba jahili ba ne, kuma ba mugu ba ne. Yana sa farar riga mai aljihu, yana maƙala biro biyu, yana karanta jarida, in an zauna hira yakan ce ƙasar nan sai an gyara. Ana kuma raɗe-raɗin za a tura mutum ɗaya daga sashen ayyuka ƙarin karatu, kuma bakin Ciyaman ne zai faɗi sunan.

Wata safiya Rabe masinja, dattijo mai gemun akuya da jar dara, ya zo ya ce ana kiransa, abin Ciyaman ya yi wari ya mutu.

Enoch ya zare na'urar daga bango ya buɗe. Ƙaurin da ya bugi hancinsa ya isa bayani. Kwamfiresa ce, baƙin tulun ƙarfen nan da ke tura gas cikin bututu kamar yadda zuciya ke tura jini, ta ƙone ƙurmus.

"Ranka ya daɗe, zuciyar ce ta tafi. Sai sabuwa."

Alhaji Maitama ya ɗago daga kujera mai juyawa. Babban mutum ne, tsohon dillalin auduga, mai murya kamar ganga.

"To Injiniya Inoki, a sayo mana. Kwamishina na tafe ranar Laraba. Ka taɓa jin inda Kwamishina ya shiga ofishin Ciyaman ya iske shi yana fifita da mafici kamar mai sayar da tsire?"

"Ranka ya daɗe, tun da aka shiga tsuke bakin aljihun nan kaya ba su shigowa. Babu a Funtua, babu a Zariya. Kaduna ma sai an sa rana."

Ciyaman ya sosa haɓa. Can sai fuskarsa ta washe.

"Ba an ce akwai ƙanen wannan a wajen Sista ba?"

"Akwai, ranka ya daɗe, amma shi ne ke riƙe da allurar maciji."

"Wa ya ce za a kashe shi? Aro za mu yi. Aro fa na ce. Da Kwamishina ya juya baya, ka mayar mata da abinta."

Aro iri biyu ne a ƙasar nan. Akwai aron talaka, wanda zai karɓi fartanyar maƙwabci da hantsi ya dawo da ita kafin la'asar, a wanke, da godiya. Akwai kuma aron babba, wanda mai kayan ne zai riƙa jin kunyar tambaya. Enoch ya san wannan sarai. Magana ta taso masa tun daga ciki, cikakkiya, da hujjoji a jere kamar yadda yake zuba su a wajen hira. Ta hau ƙirji, ta iso maƙogwaro, ta ci karo da ƙarin karatu a Kaduna, ta koma.

"To, ranka ya daɗe," in ji shi.

Sista Rahab 'yar wan mahaifinsa ce, ita ta goye shi yana jariri, saboda haka takardarsa mai hatimi ba ta firgita ta. Ya same ta tana wanke wa wata tsohuwa gyambo. Ta saurare shi har ya gama ba ta ɗago ba.

"Sake faɗi, ban ji da kyau ba. Injiniyan Ciyaman ya zo ɗaukar me?"

"Yaya, aro ne. Kwana kaɗan."

"Aro. Ka gaishe mini da firij in kun haɗu a hanya."

"Yaya, umarni ne daga sama. In ban yi ba wani za a kira daga Funtua, ya zo ya farfasa maki bututu. Gara ni, na san yadda zan cire ta lafiya."

"Lafiyar wa?" Ta miƙe, ta nuna taga da almakashin hannunta. "Ka ga hadarin can da ke haɗuwa kullum yana watsewa? Da ruwan farko ya sauka kowa zai faɗa gona, su kuma su fito daga ramuka. Kai ɗan manomi ne, Enoch, ba a Ingila aka haife ka ba. Baba Isaiah da ya haifi ubanka me ya kashe shi?"

Enoch ya sunkuyar da kai yana gyara biro.

"Shiga ka ɗauka," in ji ta. "Ni mace ce, albashina wajensu yake fitowa. Amma kada ka ƙara ce mini ƙasar nan sai an gyara. Na ga mai gyaran."

A nan dole a yi wa Enoch adalci: aikin da ya yi a ƙuryar nan, ko malaminsa na Kaduna sai ya tafa masa. Da farko ya zare filogi daga bango ya sa a aljihunsa, don kada wani mai karambani ya mayar. Ya sa Rabe ya buɗe tagogi da ƙofa. Suka zaro na'urar suka dire a ƙasa. Rabe ya kai hannu zai taɓa wani ɗan gwangwani da ke gefe, Enoch ya buge hannun.

"Baba Rabe, kana son ganin jikokinka? Wannan kafasita ce. Ko an cire wuta tana riƙe da tata a ciki, kamar mai riƙon zuciya."

Ya ɗauko sukundireba mai mariƙin roba ya haɗa bakunanta biyu. Ta yi tas, tartsatsi ya tashi. Rabe ya ja da baya yana salati.

"Kai! Abu a mace yana harbi. Wallahi kamar Ciyaman da aka sauke daga kujera."

Sannan ya sassauta bututu, gas ya riƙa fita a hankali yana huci. Rabe ya zaro kara ɗaya na taba zai kunna don ya rage zaman jira, Enoch ya ƙwace ashanar.

"Ba wuta a nan sai ya fice duka. In harshen wuta ya taɓa gas ɗin nan hayaƙinshi guba ne. Fita waje ka sha iska."

Sai da ɗakin ya washe sannan ya kunna wutar walda ya narkar da mahaɗan, ya kwance ƙusoshi, ya ɗago kwamfiresar. Ya toshe bakunan bututunta da roba don kada ƙura ko laima su shiga. Rabe ya gyara kariyar kekensa zai kwantar da ita ya ɗaure.

"A'a! Ba a kwantar da ita. Akwai mai a cikinta, in ta kwanta ya malale cikin bututu, ta lalace. A tsaye za ta tafi."

Haka Rabe ya naɗa gammo da tsummansa na goge zufa, ya ɗora ta a ka, ya ratsa tsakiyar kasuwa a hankali kamar mai kai kayan gara, Enoch na biye yana cewa a bi sannu. Sista Rahab kuwa ta yago kwalin sabulu ta toshe kafar bangon.

"Rabe, me ka ɗauko haka kake tafiya kamar amarya?" in ji wani mai sayar da goro.

"Zuciya ce, za a sa wa Ciyaman."

"Allahu akbar. Ashe da ma babu?"

Kasuwa ta kwashe da dariya. Dariya kuwa ba ta kashe wa kowa ko sisi, kuma babu wanda ya tambayi daga ina aka ciro ta.

A ofis Enoch ya ƙara nuna gwaninta. Ya ce ba za a ɗaura sabuwar zuciya a kan dattin tsohuwa ba, don ƙonannen mai yana cin ƙarfe, in aka bar shi zai kashe wannan ma. Ya wanke bututun har baƙin mai ya daina fita. Ya yi walda, ya sa famfo ya zuƙe iskar ciki, ya cika gas, ya shafa kumfar sabulu a kowace mahaɗa yana duban ko za ta yi ƙwai. Ciyaman yana leƙowa yana cewa a kunna, Enoch yana cewa a bari ta huta man ya kwanta. A kan man inji kam ya iya ce wa Ciyaman a'a har sau nawa.

Da aka kunna, na'urar ta yi gurnani, ta kama. Sanyi ya fara sauka. Ciyaman ya baje a kujera yana murmushi, kansiloli suka shigo suna barka. Ba a jima ba murmushin ya fara ƙanƙancewa. Ya janyo hannun babbar riga ya rufe gwiwoyi. Ya yi atishawa. Leɓensa ya soma rawa.

"Rabe! Kashe, kashe! Ba baƙo, me kake jira?"

Enoch ya bi Rabe waje ya tambaye shi dalili.

"Au, ba ka sani ba? Ai Alhaji sanyin ƙashi gare shi, tun zamanin da yake kwana bisa lodin auduga a hanyar Funtua. Ko ruwan randa ba ya sha. Aikina kenan, in zauna bakin taga. In na hango motar manya in kunna, in ta wuce ba nan za ta ba in kashe. Wata rana kafin azahar sai in kunna in kashe ya fi a ƙirga."

Enoch ya dafe kai. Ga abin da ya ƙona ta farkon. Kwamfiresa ba ta son a kashe a kunna nan take, sai ta huta.

"To in ba ya son sanyi, me yake so da shi?"

"Kugin mana! Wa ya damu da sanyi? Mutum ya zo gaisuwa tun daga bakin ƙofa ya ji abu na gurnani, ya san ofishin manya ya zo, ya cire takalmi tun daga nesa."

Tsoron kada a sake ƙona wannan ya sa Enoch ya koma ciki da sauri. Ya nuna wa Ciyaman wani maɓalli.

"Ranka ya daɗe, in aka murɗa nan, fanka ce kaɗai za ta yi aiki. Za a ji ƙara, amma ba sanyi."

Ya murɗa. Na'urar ta ci gaba da kugi, iska mai ɗumi tana fitowa. Ciyaman ya saki gwiwoyinsa, ya saurara, ya dubi Enoch kamar yau ya fara ganinsa.

"Kai! Wannan shi ne ilimi! Kun gani? Shi ya sa nake cewa a sa yara boko. Rabe, daga yau nan za ka bar shi, kada ka ƙara taɓawa."

Sai a lokacin abin ya faɗo wa Enoch. Fankar nan ba abin da ya taɓa samunta. Da ya yi tambaya ɗaya tak tun da safe, da ya murɗa maɓallin nan a kan matacciyar kwamfiresa, Ciyaman ya samu kuginsa, Sista ta riƙe sanyinta.

"Ranka ya daɗe, tunda haka ne ai ba a bukatar ta wajen Sista. Bari in mayar yau."

"Bayan Kwamishina," in ji Ciyaman.

Ranar Laraba aka share gari, aka ɗaura ganyen dogon yaro a bakin sakatariya, 'yan makaranta suka jeru a rana tun hantsi har wasu suka faɗi. Kwamishina ya iso gab da la'asar. Ya sauke gilashin mota, ya miƙo hannu Ciyaman ya kama da hannu biyu, ya ce gwamnati tana sane da manoma, ya ce ana jiransa a Funtua. Gilashi ya koma sama. Ko inuwar ofishin bai taka ba.

Washegari Enoch ya zo da akwatin kayan aikinsa.

"Ina zuwa, Injiniya?"

"Aron nan, ranka ya daɗe."

Fuskar Ciyaman ta canja.

"Wato kana so a ciro cikin abin, a bar ni zaune ƙarƙashin fanko? 'Yan adawa su ji, su hau mumbari su ce Ciyaman ɗin Tudun Karmami iyakwandishan ɗinshi ba zuciya? Kai yaro ne, ba ka san siyasa ba."

"Ai ba wanda zai sani, ranka ya daɗe."

"Ni zan sani. Amma ba mu ƙi ba. Gwamnati ba ta aiki da ka. Za a kafa kwamiti ya duba yiwuwar mayarwa."

Aka kafa. Aka ba da shugabancinsa ga kansilan nan mai firij, tunda shi ya fi kowa sanin harkar aro. Kwamiti ya zauna sau ɗaya, ya sha lemo mai sanyi, ya ɗage zama sai bayan damina.

Zafin bazarar nan kuwa ba na wasa ba ne. Rufin kwano ya riƙa ƙara da rana kamar ana taka shi. Sista Rahab ta sayo randa, ta binne gindinta cikin jiƙaƙƙen yashi, ta jera kwalaben a ciki, ta rufe da tsumma, tana yayyafa ruwa safe da rana da yamma. In Enoch ya hango ta a coci ran Lahadi sai ya zauna can baya, kafin a yi addu'ar rufewa ya zame.

Sai ruwan farko ya sauka. Gari ya yi ƙamshin ƙasa, kowa ya saɓa sungumi.

Enoch yana gyaran fitila a barandar sakatariya ya ga amalanke ya wuce da gudu, mata na biye. Ya sauko daga tsani ya bi su, shi ma bai san dalili ba. Bature ne, wani manomi daga ƙauyen bayan rafi, mutum mai yawan barkwanci da ke kawo wa ma'aikata gyaɗa ran kasuwa. Ya sa hannu zai kau da tarin kara, kububuwa ta sare shi a yatsa. Hannun ya kumbura har kafaɗa, in ya tofa yawu sai ja. Matarsa Tasalla tana riƙe da kansa.

"Sista, ki yi mashi allurar nan. Bara ita kika yi wa ƙanena ya tashi."

Rahab ta buɗe randa. Ta riƙa ɗauko kwalba tana ɗaga ta saitin taga, tana ajiyewa gefe. Wannan gurɓatacciya. Wannan ma. Wannan har da gudaji a ciki. Enoch yana tsaye a bakin ƙofa, ga gawar na'urar nan a ƙasa inda ya bar ta, kaza ta fara ƙwai a ciki. Daga can ƙasan randar ta samu 'yan kaɗan da suka rage garau, ta zuƙe su ta yi masa.

"Ba za su isa ba," ta ce a hankali. "Sai asibitin Malumfashi."

Motar hukuma ta tafi kai matar wani babba biki. Aka samu wata tsohuwar akori-kura mai ɗaukar taki. Enoch da kansa ya kama aka ɗora majinyacin. Bature ya buɗe ido ya gane shi, ya yi ɗan murmushi da jajayen haƙora.

"Injiniya, kai ne? Yaya zuciyar Ciyaman, ta kama?"

Hanya ta jiƙe, motar ta kafe a rafi, aka yi ta turi. Kafin su hau kwalta Bature ya cika.

Ciyaman ya je ta'aziyya da tawaga. Ya zauna a tabarma, ya yi addu'a mai tsawo, ya ce wa dangi kwana ne ya ƙare, in kwana ya ƙare ko asibitin Ingila aka kai mutum sai ya tafi. Jama'a suka ce haka ne, ranka ya daɗe. Ya ƙara da cewa hukumarsa za ta kafa kwamitin yaƙi da macizai. Aka ce Allah ya saka. Enoch yana cikin masu cewa amin, ya ji muryarsa da kunnensa.

Da Ciyaman ya tafi Kaduna taron jam'iyya, Enoch ya zo sakatariya da rana tsaka, da akwatinsa, da ƙonanniyar kwamfiresar nan da ya jefar a bayan sito.

"Baba Rabe, buɗe mini ofis."

"Me za a yi?"

"Sabis."

Rabe ya dubi baƙin tulun, ya dubi Enoch, ya zaro makulli.

"Ni dai ban iya boko ba. In an ce sabis, sabis ne. In kawo gammo?"

Bai yi gaggawa ba, don aikin ba ya son gaggawa ko na sata ne. Ya zare filogi, ya sauke wutar kafasita, ya buɗe tagogi, ya jira gas ya fice. Ya ciro mai rai, ya ɗaura matacciya, ya raba ta da waya don kada ta ja gobara, ya goge ƙura, ya mayar da murfi. Ya murɗa maɓalli, fanka ta ɗauki kugi. Rabe ya sake ratsa gari da kaya a ka.

Kafin magariba ƙuryar Sista Rahab ta yi sanyi. Ta shigo ta tsaya, ta dubi kantar da ba komai a kanta sai gurɓatattun kwalabe.

"Sannu da aiki, Injiniya. Ka sanyaya wa gawa ɗaki."

"Yaya, an ce sababbi na zuwa daga Kaduna. In sun zo su iske wuri."

"In sun zo." Ta ja ƙofar don kada sanyin ya fita. "Ka ci abinci?"

Wannan ita ce kalma mai taushi ta farko da ta yi masa tun ranar aron, kuma ba ta ƙara wata ba.

Ciyaman ya dawo bai lura da komai ba. Yana nan zaune ƙarƙashin ƙonannen ƙarfe, fanka na hura masa iskar Allah mai ɗumi, gwiwoyinsa lafiya lau. Masu gaisuwa suna shigowa zufa na ɗiga daga gemunsu, suna murza hannu suna cewa, "Kai, ranka ya daɗe, ofishin nan da sanyi yake!" Wani ɗan kwangila har ya roƙi a rage, wai zai kama mura. Ƙarin karatu kuwa ɗan ƙanwar Ciyaman aka tura.

Kada ka yi dariya ka rufe littafi. Mutum mai takarda sai da ya zama ɓarawo da rana tsaka kafin kayan jama'a su koma wajen jama'a, kuma sai da Tasalla ta shiga takaba kafin ya samu wannan ƙarfin halin. Kai me kake jira, taka Tasallar? Damina na tafe. Gobe da safe, kafin ka wuce gona ko ofis, shiga ɗakin shan maganin garinku. Ka ce wa mai kula da shi ta ɗaga maka kwalbar allurar maciji saitin taga. In ka gan ta a gurɓace, karɓe ta, kira maƙwabtanka, ku je ku dire ta a kan teburin Ciyaman. In ya ce za a kafa kwamiti, ku shimfiɗa tabarmi a ofishin ku zauna, kada ku tashi sai an kawo wata.